Idanu Ukun Wayar Yaya

Yayata ba ta iya ajiye waya kamar sauran mutane ba. Sai ta kife ta a kan teburin da nake yanka yadi, idanun kyamarar nan uku suna kallon sama, don kowa ya san ba ta yara ba ce. Ni kuwa tawa, roba ce ke riƙe da murfinta, jan yadi ma in ta ɗauka sai ya fito ruwan ƙasa.

Duk Asabar sai ta shigo shagona, ta tsaya gaban rigunan da na rataye, ta ɗaga waya saitin fuskarta tana karkata kai. Haushi nake ji sosai. Ni ina fama da shagon da ake kwana uku ba a leƙo ba, ita tana ɗaukar kanta hoto.

"Yaya, matsa mini, kin tare haske."

"To, sarkin aiki," in ji ta. Ta matsa taku ɗaya, ta ci gaba.

Lokacin har na yi wa wani magana ya zo ya ga keken ɗinkin, in sayar in rufe shagon. Keken da Inna ta bar mini ne, shi ya sa nake ta jan ƙafa.

Sai aiki ya fara shigowa. Mata masu ƙamshi, waɗanda ban san yadda suka gano lungunmu ba. Na sallami mai sayen keke. Har gori na yi wa Yaya: "Kin gani ko? Aiki mai kyau ba ruwansa da waya mai tsada."

"Gaskiya ne," ta ce.

Wata Talata, ɗaya daga cikin matan ta miƙo mini wayarta. "Irin wannan wuyan nake so."

Aikina ne, ana ganin zare ɗaya-ɗaya. Ta ja hoton gefe, ga wani, ga wani. Har da hannuna a kan keke, da tabon dutsen guga a yatsana. Babu fuskar Yaya ko a guda.

"Wa ya turo miki?"

"Yayarki mana, ofishinmu ɗaya. Duk Litinin tebur-tebur take bin mu da hotunan nan, ta hana mu sakat."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da Asabar ta zagayo, na goge rigunan tsaf, na buɗe taga, na jawo keken gefe. Yaya ta shigo ta tsaya tana kallona.

"Yau ban tare haske ba?"

"Yaya, na gode," na ce. "Da ba don ke ba, da keken Inna na gidan wani."

Ta ɗaga wayarta saitin fuskarta, ta karkata kai.

"Juya mini rigar nan, bayanta ya fi kyau."