Ɗanɗanon Koren Ruwa

Baba bai taɓa auna koren ruwan lagireto da kofi ba. Shekara talatin yana kanikanci, yatsa yake tsomawa ya lasa, sai ya ce, "Ruwa ya yi yawa," ko ya ce, "Ya yi." Rabi kore rabi ruwa, harshensa bai taɓa kuskure ba. Likita ya ce mai yiwuwa wannan lasar ce ta cinye masa ƙoda, don koren ruwan guba ne, zaƙinsa ke ruɗin mutum. A ranar na rantse wa Yaya ba zan taɓa kai shi bakina ba.

Ranar Talata da hantsi muka kama hanyar asibiti. Wankin ƙoda ƙarfe biyu ne. In ka makara a ba wani gadon, kai kuma ka jira kwana uku. Baba ba shi da kwana uku. Yana kwance a kujerar baya, ƙafafu a kumbure, kansa a cinyar Yaya. Tun jiya bai ce uffan ba.

A gindin wani dogon hawa allurar zafin inji ta haye ja. Na tsaya. Tiyo ne ya tsage, ruwan ya tsiyaye. Na jira inji ya huce, na yanke wurin tsagar na sake ɗaurewa. Ba gida, ba mota, sai kwalta tana turiri.

A bayan motar akwai jarkokin Baba guda uku, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Wata kore ce zalla, wata ya riga ya sirka, shi kaɗai ya san wacce. A ido duk ɗaya suke.

"Auta, zuba ruwan sha mu tafi," in ji Yaya ta taga. "Duk bokon naka haɗa ruwa ya gagare ka?"

"Gora biyu ne kacal, ba zai cika ba. Kuma in haɗin bai yi ba, tafasa zai yi a tsakiyar hawan."

"To canka."

Na canka. Na zuba daga jarka ta tsakiya, na bi da gora ɗaya.

"Ruwa ya yi yawa."

Muryar Baba ce. Bonet a ɗage yake, ba yadda zai gan ni. Na zagaya na leƙa. Idonsa a rufe, leɓɓansa sun bushe sun manne da juna.

"Yaya, kin ji?"

"Na ji me? Numfashinsa nake ji, kuma bai yi min ba. Yi sauri."

Na koma na ƙara daga jarka ta farko.

"Ruwa ya yi yawa."

Wannan karon a bayan kunnena, daidai inda yake tsayawa in ina aiki. Ban waiga ba. Na duba agogo, sha biyu da rabi.

Na tsoma yatsa a lagireto na kai baki.

Ɗumi, da zaƙi. Ban taɓa yi ba, amma nan take na san abin da ya rage. Na ƙara kore kaɗan daga jarka ta uku, na sake lasa.

"Ya yi," aka ce. Daga bakina maganar ta fito, amma ba muryata ba ce.

Motar ta haye hawan, allura ba ta motsa ba. Biyu saura kwata muka isa, aka shiga da Baba. Ni da Yaya muka zauna a benci.

Ta daɗe tana kallona.

"Auta, me kake tsotsa?"

Na cire yatsan daga bakina. Ban san yaushe ya koma ba.