Farcen da Aka Bari

Jini ya riga ya ɓata ciyawar da ke gindin shinge kafin in iso. Karyata Tess na tsaye a kan ƙafa uku, ta ɗaga ta hagu, jikinta na ɓari. Kuma ba a cikin lambuna take ba, a cikin na maƙwabcina Mossie Heffernan take. Shi kuwa yana durƙushe a gabanta da rigar barci da takalmin roba, numfashinsa na fita kamar na tsohon zugazugi, ya naɗe mata ƙafar da hankicinsa.

"Kada ka tsaya kana harara ta kamar na zo ajinka a makare, Malam," in ji shi. "Ɗauko ruwan gishiri."

"Sakar mini karyata, Mossie."

"Karyarka ce ta tsallako. Ni ban aika mata da katin gayyata ba."

Farcen gefe ne ya tsage. Karen tsere yana da yatsu huɗu da yake takawa a kansu, sa'annan akwai na biyar, ɗan ƙarami, can sama ta cikin ƙafar gaba, wanda ba ya taɓa ƙasa sai kare ya karya kwana da gudu. Shi ne ya maƙale a wayar shinge sa'ad da ta yi tsalle. A duk faɗin gundumarmu ta Tipperary da wuya ka ga karen tsere mai wannan farce, domin masu kiwo suna cire shi da almakashi tun 'yan kwikwiyo ba su buɗe ido ba, don gudun irin abin da ya faru a safiyar nan. Tess kaɗai na sani da nata.

Ni na yi shekara arba'in ina koyar da tarihi a makarantar sakandaren maza ta garinmu, shi ya sa har tsofaffi sa'o'ina suke kirana Malam. Mossie kuwa tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai karnuka. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka fara kai kare filin tsere bayan da aka kawo zomon ƙarfe, wanda karnuka ke kora a tseren, ƙasar nan a 1927, kuma Mossie ya gaji ɗakin karnukan, da igiyoyin, da warin man tausa wanda bai taɓa barin tufafinsa ba. Bai yi aure ba. Ƙanwarsa Philomena ce ta dawo daga birnin Cork tana kula da shi tun da huhunsa ya fara ba shi wahala.

Daga wurinsa matata Nuala, Allah ya ji ƙanta, ta karɓo Tess tana 'yar kwikwiyo. Mutanen layinmu sun yi ta dariya, wai Malam Costigan ya ajiye karen tsere a kan kujerar falo kamar kyanwa. Ni na saya mata gado, ni nake dafa mata nama, ni nake fita da ita cikin ruwan sama. Amma tun makon da muka binne Nuala, kullum safiya da zarar na buɗe ƙofar baya, sai Tess ta wuce ni kamar ginshiƙi ta wuce, ta haye shinge, ta tafi ta kwanta a kan ƙafafun Mossie. Burodi yake jiƙa mata a shayi. Burodi da shayi! Da yamma takan dawo mini tana warin man tausa, ta ci namana, ta juya mini baya.

Na kai ta asibitin dabbobi a ranar da farcen ya tsage. Likitar, wata yarinya da na koyar da mahaifinta, ta datse abin da ya tsage, ta ɗaure ƙafar.

"Zai sake tsirowa, Malam," ta ce. "Wasu ma cewa suke farcen nan yana tallafa wa kare wajen juyawa, kuma da shi yake riƙe ƙashi. Amma idan tsallen waya ne aikinta, za ta ci gaba da tsage shi. Ana iya cire duka biyun, sai dai a shekarunta tiyata ce sosai, don akwai ƙashi a ciki. Sai an sa ta barci an yi ɗinki, sa'annan a kulle ta a gida, ba tsalle ba yawo, har ɗinkin ya kama. Ni dai da zan ce a jira. Shawara taka ce."

Duk bayaninta na ji shi, amma abin da ya zauna mini shi ne a kulle ta a gida. Na ce a rubuta mana ranar Alhamis.

Da la'asar na shiga kicin ɗin Mossie in sanar da shi, ina da tabbacin ko a wannan zai goyi bayana, tun da ba wanda ya kai shi cire farcen nan a gundumarmu. Na same shi kusa da murhu, bututun iska a hancinsa. Philomena na feraye dankali.

"A bar shi," ya ce.

"Kai ne kake faɗin haka? Kai da ka yanke ɗaruruwa a kan teburin nan?"

"A kan teburin nan, ƙwarai. Da na 'yan'uwanta ma. Ita ce dai ban taɓa ba."

"Don me? Ka manta?"

"Ni in manta farce?" Ya yi dariya har ta zama tari. "Nuala ce ta hana ni. Nan take zaune, inda kake tsaye, ta ɗora ta a cinya. 'Yar banzar ta maƙale mata hannun riga da farcen, ta ƙi saki. Sai Nuala ta ce, Mossie, wannan tawa ce, ka ajiye almakashinka."

Ban taɓa sanin Nuala ta shiga kicin ɗin nan ba. Abin da ta gaya mini shi ne ta kan shinge aka miƙo mata karyar. Na dubi kujerar, wata tsohuwar kujerar katako mai matashi ja. Duk garin an san cewa kafin in dawo daga jami'a, Mossie Heffernan ne yake raka Nuala Tobin gida daga gidan rawa a kan kekensa. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita, ko ni da shi.

Idan raina ya ɓaci tarihi nake komawa. Na ce masa yanke wa kare yatsa ba sabon abu ba ne, kuma ba zalunci ba ne a idon doka. Cewa a dokar daji ta Ingila ta 1217 an rubuta ƙarara a yanke farce uku daga ƙafar gaba ta karen duk wanda ke zaune kusa da dajin sarki, don kada ya bi barewar sarki.

"Ka ji ko, Phil?" in ji Mossie. "Ashe sarki muke maƙwabtaka da shi. Ni ne barewar ke nan, ranka ya daɗe?"

"Ku ji tsofaffin banza," in ji Philomena, ba ta ko ɗago ba. "Ɗaya ƙafarsa guda a kabari, ɗaya ba ya ganin lambar mota, suna faɗa a kan farce. Malam, za ka sha shayi ko za ka ci gaba da ba mu darasi?"

"Karyata ce," na ce. "Sunana ne a kan wuyanta."

"Sunanka ne a wuya," in ji shi a hankali. "Ba wanda ya yi musu."

Na fita ban sha shayin ba. Washegari na sa aka ƙara wa shingen tsawo da katako, na riƙa fita da Tess da igiya ko da lambu za ta. Takan tsaya a gindin katakon ta sa hanci a tsakanin allunan, tana wani siririn kuka da ya fi haushi ciwo. Daga can ɓangaren sai in ji fito, gajere, sau biyu, irin wanda yake kiran karnukansa da shi. Ran farko fiton ya fito da ƙarfi. Bayan nan ya koma kamar iska a ƙofar da ba ta rufu ba. Ran Laraba ban ji shi ba ko kaɗan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shirun.

Ran Alhamis na hana ta abinci kamar yadda likita ta umarta. Na sa mata igiya, na fito da ita, na buɗe bayan mota. Sai ga Philomena a bakin ƙofarsu, ta yafa rigar sanyi a kan rigar girki.

"Fada ya zo daga coci ya shafa masa man masu barin duniya, ya tafi," ta ce.

Na cire hulata. "Yana nemana ne?"

"Kai? A'a. Ita yake nema."

Da ta ce yana neman mu biyu, da na shiga ba tare da wani tunani ba. Na tsaya da igiya a hannu, ƙofar mota a buɗe, ina lissafin cewa idan na kai ta aka sa ta barci, ba za ta iya tsayawa da ƙafafunta ba sai gobe, kuma ga alama Mossie ba shi da gobe. Ba wanda zai ce na yi laifi. Magani na kai karyata. Tess kuwa ta ja igiyar har ta shaƙe kanta, idonta na kan ƙofar Heffernan.

"Malam," in ji Philomena, "ni ba roƙonka zan yi ba. Ƙafafuna sun gaji."

Na rufe motar.

An sauko masa da gado falo, kusa da taga. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, amma ya sa an sanya masa rigar ulu mai ruwan toka wadda yake zuwa filin tsere da ita. Ban kai ga kwance igiyar ba Tess ta fizge, ta haye gadon a hankali kamar ta san inda yake masa ciwo, ta miƙe a gefensa, ta ɗora ƙafarta mai lafiya a kan hannunsa. Ni ba ta taɓa hawa gadona ba.

"Ga 'yar banza," ya ce, yana laluba ƙafar da babban yatsansa har ya sami farcen. "Yana nan. Sarki ya yi afuwa."

"An ɗaga ranar ne kawai," na ce.

"To, Allah ya ja zamanin sarki."

Philomena ta tafi ɗora ruwa. Na zauna a kujerar da ke gefen gado. Na san ba a yi wa mai barin duniya irin tambayar da ke bakina, na kuma san idan ban yi ta ba a lokacin, babu sauran wanda zan yi wa.

"Sau nawa Nuala ta zo kicin ɗinka?"

Ya juyo da kai, ya daɗe yana kallona. Na zaci bai gane ba.

"Sau ɗaya, Fintan." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna 'yan makaranta. "Sau ɗaya tak. Ba ta ko cire kwat ɗinta ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ta tagar nan nake hango igiyar shanyarku. Tun ranar da ka kawo ta gidan can nake ganinta tana shanya maka riguna, duk Litinin. Farare, masu dogon hannu. Har na san wadda ta yi wa faci a gwiwar hannu." Ya sake tsayawa. "Kai aka ba matar. Ni aka bar mini karya ta sha shayi da safe. Shi ma ka sa katako."

Na duba tagar, na ga lallai daga nan ana hango igiyar, da rigata guda ɗaya da na shanya a karkace.

"Idan ka bar mata farcen," ya ce, "ka riƙa datse shi. Ba ya cin ƙasa, nannaɗewa yake ya shiga nama. Almakashin na cikin gwangwanin shayi."

"Na san yadda farce yake tsirowa, Mossie."

"Ka san komai, Malam."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Ya yi barci, muka zauna ni da Philomena, tana jan carbinta, rana na matsawa a kan bargo. Wajen la'asar numfashin ya riƙa nisa da juna, sa'annan numfashin da muke jira bai zo ba. Philomena ta tashi ta buɗe taga kamar yadda ake yi, ta tsayar da agogon bango, ta rufe masa ido.

"Sauke ta, Malam, matan da za su shirya shi suna tafe."

Na kira Tess, ba ta motsa ba. Na kama wuyanta na ja, sai hannun Mossie ya biyo mu. Farcen ya shige cikin ulun rigarsa. Dole na durƙusa a gaban gadon, na sa tabarau, na riƙa zare zaren ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na cikin nawa da sauran ɗuminsa, Tess kuwa ko kallona ba ta yi ba.

A zaman makoki ta kwanta ƙarƙashin teburin da aka ɗora akwatin gawar, masu karnuka na gundumar suna shigowa suna ɗaga ƙafarta suna mamaki. Wani tsoho daga Cashel ya ce, "Heffernan ya bar farce? Lallai tsufa ya kama shi." Ban gyara masa ba.

Philomena ta koma Cork, ta bar mini gwangwanin shayin. Na cire katakon, ko da yake Tess ta daina tsalle. Yanzu ranar Lahadi bayan coci nakan zauna a matakalar ƙofar baya, in ɗora ƙafarta a gwiwata, in datse bakin farcen kaɗan. Takan bar mini ƙafar ba gardama. Kanta dai yana can a juye, kunnuwanta a tsaye, tana kallon tagar Mossie da aka saukar wa labule.