Shanun Shaihu a Gonar Na'iya

Na'iya bai taɓa zaton karatun da ya tura ɗansa Ɗangiwa yi a Tambuwal zai dawo masa har gonarsa ta Kebbe ba. Yaron ya kai babin ciniki da haya a zauren malaminsa, ya zo gida da kaka, kansa ya yi girma har hula na neman ƙin zama.

Na'iya kuwa yana da amini, Shaihu Bafillatani. Tun zamanin iyayensu, da an cire amfanin gona sai shanun gidan Shaihu su sauka a gonar, su ci kara da harawa, su bar taki. In za su tashi, Na'iya ya ɗora wa Shaihu gero gwargwadon abin da hannu ya kai. Akwai ma wata saniyar Na'iya a garken, Shaihu na kiwonta amana. Ba wanda ya taɓa tambayar wani komai.

Ranar da garken ya iso, ana cikin gaisuwa a gindin gawo, sai Ɗangiwa ya gyara murya.

"Baba, wanga abu da kuka yi da Baffa Shaihu ɓatacce na. Garari na, cinikin abin da ba a san iyakatai ba. Taki nawa? Gero nawa? Sai an faɗi, an aje shaidu."

Na'iya ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Kai, mi kaka faɗi? Kashin shanu za mu auna da mudu?"

"Abin da anka karantam muna nika faɗi, Baba."

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Ina! Washegari sai ga shi ya jawo dattawa biyu daga masallaci, wai su shaida. Har ya tambayi Shaihu a gabansu, saniyar nan sau nawa ta haihu, kuma ina 'ya'yan.

Shaihu bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi Na'iya, ya ce, "Aboki, ashe shaidu muka buƙata yanzu?"

Na'iya ya yi rantsuwa, ya ba da haƙuri, ya zagi ɗansa tas a gaban mutane. Takaici ya hana shi cin tuwo. Shi da ya sayar da jakinsa don yaron nan ya yi karatu, yau yaron ya maida amininsa abin tuhuma! Ya ƙudura da safe zai tafi mashekarin Shaihu, inda suka kafa bukkokinsu, da goro, ya durƙusa in ta kama, muddin shanun za su zauna.

Da ya isa, bukkokin babu kowa, toka ma ta huce. Sawun garken ya miƙe yamma, wajen Fakku. A gindin gawo kuwa ga saniyarsa ɗaure, ga 'ya'yanta da jikokinta, kowace da turkenta, har da wata karsana da shi kansa bai san da ita ba.

Ɗangiwa ya iso bayansa, ya zagaya su, ya ce, "To ka gani, Baba? Haƙƙinka ya fito, ba abin da ya ɓace."

Na'iya ya kwance igiyar saniyar, ya danƙa masa.

"Riƙe. Kai ka san hukuncinsu, sai ka kai su kiwo. Wanda ya san sunayensu ya tafi."