Wasan Ƙanin Miji

Wuƙar ta zame daga kan cittar ta shige tafin hannun Afiniki.

Ba zafin yankan ta fara ji ba. Hannun Kambai ta fara ji, wanda ya sauka a mazaunanta da ƙara kamar an daki buhu, tana sunkuye bisa daro. Bai ɗauke ba. Ya bar shi a wurin yana matsawa, danshin guminsa yana ratsa zanenta.

"Matata! Yau ba gaisuwa?"

Bakinsa ya zo daf da kunnenta, da tsamin burkutun jiya da warin goro. Matan da ke jere a kan kujeru 'yan tsugunne suna tsaga citta suka yi dariya. Wasu har cikinsu. Wasu kuwa haƙora kawai suka buɗe, don Kambai ne mai sikeli a wannan sito na bayan kasuwar Kafanchan, kuma abin da ya ce daron mace ya kai, shi ya kai.

Jini ya soma ɗiga a kan cittar da ta tsaga, ja a kan rawaya.

"Kai, kin ɓata mana kaya," in ji shi. Ya tsame wadda ta jiƙe da yatsa biyu, ya wurgar waje, ya goge yatsun a kafaɗarta ya wuce.

Hussaina, Bafulatanar da ke zama kusa da ita, ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta yage bakin mayafinta ta ɗaure mata hannun.

* * *

Kambai ƙanin mijinta ne. Ranar da aka kawo ta gidansu a Kagoma, yaro ne mai guntun wando, yana bin ta yana cewa shi ne angon gaske, yayansa Azariya ɗan aike ne kawai. Ita ma ta yi wasan. Ta ɓoye masa takalmi, ta cika masa miya da barkono, ta ce ba za ta auri mai majina ba. Haka al'ada ta ba su, kuma duk a baki yake tsayawa.

Sai da ya sami sikeli wasan ya sauko daga baki ya koma hannu. Mintsini a ƙugu. Murɗe hannu idan ta ce awon bai yi daidai ba. Wata rana ya danna ta jikin buhuna har ƙafarta ta bar ƙasa, yana kallon sauran maza masu dako yana kashe musu ido. Duk lokacin da ta ɓata rai sai wata ta ce, "Haba, ba mijinki ba ne?"

Da rana suka zauna gindin mangwaro ita da Hussaina. Afiniki ta kasa cin dafaffiyar doyarta, don warin gumin Kambai bai bar kafaɗarta ba.

"Maman Yafet, wannan abin sunansa me?" in ji Hussaina.

"Wasa ne. Haka muke yi."

"Mu ma muna da wasa. Ni da ɗan goggona Bobbo har shanunsa nake zagi. Amma mu biyu muke dariya." Ta dubi ƙyallen da ya riga ya jiƙe. "Ke yaushe rabonki da dariya?"

Afiniki ta nemi ranar a ranta, ba ta same ta ba.

* * *

Azariya ya dawo da yamma yana tura babur, mai ya ƙare masa a hanya. Tun shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki ya koma acaɓa. Ta ajiye masa tuwo, ta miƙa hannun gabansa.

"Baban Yafet, ka ga aikin ƙaninka."

Ya duba, ya kau da kai. "Wuƙanki ne ya yanke ki, ko shi?"

"Shi ya sa. Yana taɓa ni inda kai kaɗai ya kamata."

Ya daɗe yana juya loma a cikin miya. Ta ga kunya a fuskarsa, ta kuma ga yana neman inda zai ajiye ta.

"In na yi magana za a ce ina kishi da ƙanina. Za a yi mini dariya har coci. Kuma shi ya samo miki aikin. Ga Keziya ma ya ce ta fara ran Litinin."

Keziya ƙanwarta ce, bara ta gama sakandare. Tana bakin murhu tana wanke tukunya, tana rera waƙar kwayar coci a hankali, ba ta san da ita ake ba. Afiniki ta dubi siririn bayan yarinyar.

* * *

Ofishin Madam Rachael, manajar siton, yana da fanka da wata takarda a bango mai hoton tafin hannu a ɗage, alamar hana cin zarafin mata. Daga wani taro a Kaduna ta kawo ta. Afiniki ta tsaya ƙarƙashin hoton ta faɗi komai, idonta a ƙasa.

Madam ta dafe ƙirji. "Yesu! A nan? Ba zan yarda ba. Mu kamfani ne mai tsari. Wane ne?"

"Kambai, Madam."

"Kambai mai sikeli?" Hannun ya sauka daga ƙirjin. "Ba shi ne ƙanin maigidanki ba?"

"Shi ne."

"Au. To." Ta gyara tabarau. "Ki je. Gobe za mu gyara."

Kowace safiya kafin a taɓa wuƙa akan tsaya da'ira a tsakar sito a yi sujada, addu'ar safe ta Kirista, Musulmin cikinsu suna gefe suna jira. Washegari bayan amin Madam ta ce kowa ya tsaya. Ta kira Afiniki tsakiya, ta kira Kambai, ta kira Baba maigadi, wanda dattijo ne a majami'arsu.

"'Yar'uwarmu ta kawo ƙara," in ji ta. "Ki maimaita."

A gaban masu dako da direbobi, Afiniki ta sake faɗa. Wani ya tambaya, "A ina ya taɓa?" aka kwashe da dariya. Kambai ya buɗe hannuwa yana juyawa kamar mai karɓar kyauta.

"Jama'a, matana ne fa! Ni ma na ɗauki akuya ranan aurenta."

"Madam, na ga jini," in ji Hussaina daga gefe.

"Hussaina, ke ba ki san al'adarmu ba."

"Na san jini."

Baba maigadi ya yi gyaran murya. Ya ce wasan ƙanin miji tun kakanni ne, shi ke sa amarya ta saki jiki. Ya ce wa Kambai ya rage ƙarfin hannu, mata ba buhu ba ne. Sannan ya juyo ga Afiniki ya ce, 'yata, maganar gida ba a kawo ta ofis, kin kunyata mijinki. Madam ta gyaɗa kai, fuskarta ta saki. Maganar ta tashi daga kamfani ta koma gida, kuma ita ba manajar gida ba ce.

Aka kawo ruwa a kofin roba don sulhu. Afiniki za ta miƙa, ya sha rabi, ta sha sauran.

Ya sha yana kallonta ta saman kofin. Da ya dawo mata da shi, jan yawu ya zagaye bakinsa, ɓarɓashin goro yana yawo a kan ruwan. Ta tsaya. Ta tuna babur da ba mai, da gonar da ta ruɓe, da sikeli.

"Ki sha, mu gafarta wa juna kamar yadda Ubangiji ya gafarta mana," in ji Madam.

Ta sha. Aka tafa. Ta zaga bayan sito ta amayar da shi a gindin katanga, Hussaina tana riƙe da goshinta.

* * *

Ran Lahadi a ƙofar coci, Kambai ya tare su cikin farar shadda. Ya kama hannun Keziya bai saki ba, babban yatsansa yana shafa wuyan hannun.

"Ƙanwan matata ai matana ne ƙarami. Gobe ki zo da wuri, ni zan koya miki aiki."

Keziya ta yi dariya, don ta ga manya suna yi.

Da safiyar Litinin Afiniki ta ɗauko tsohon buhun citta daga bayan ɗaki. Ta kasa riƙe almakashi da hannun da ya kumbura, sai ta taka buhun da ƙafa ta yanka shi gida biyu da wuƙa. Ta ninka rabi ya yi kauri, ta huda gefe biyu ta zura igiya.

"Zo nan. Kwance zanenki."

Ta ɗaura mata shi a ƙugu, ya rufe mazaunan har cinya, sannan ta mayar da zanen a kai ta gyara yadda ba zai nuna ba.

"Sista, mene ne wannan? Yana ƙaiƙayi."

"Za ki saba. Ki zauna kusa da Hussaina, bayanki a jikin bango. Kada ki sunkuya da wuƙa a hannu."

"Don me?"

Afiniki ta ɗauki sauran rabin buhun ta ɗaura wa kanta. Suka fito kan hanyar Kafanchan, yaya a gaba, ƙanwa a baya, buhun yana ƙara a ƙarƙashin zannuwansu da kowane taku.