Fuskar Tela

Wata huɗu Auta ta yi tana zagaya kasuwa da kyamara, tana haɗa fim a kan rumfunan da hukumar kasuwa ta ce za ta rushe. Mahaifinta, Tela, bai so ba. Rumfarsa ba ta cikin layin da aka shafa wa jan fenti, ga takardarsa ta sabunta izini tana teburin hukumar. Amma ranar da ta kafa kyamara gaban keken ɗinkinsa, baki ya suɓuce masa, ya amayar da duk abin da ke ransa.

Tun daga nan abinci ya daina shiga.

"Auta, rufe min fuska a fim ɗin nan. In suka gane ni, rumfar ta tafi."

"To, Baba."

Ƙa'idarta ce ba ta haska fim sai kowa da ke ciki ya ga kansa ya amince. Ranar Asabar da hantsi ta tara su a shagon mai aski, aka toshe taga da kwali, ta buɗe kwamfuta.

Mai gyaran takalmi ya fito yana kumfar baki. Mai kayan miya ta fito riƙe da takardar kora. Sai ga Tela, an dusashe fuskar, an kaurara muryar.

"Wannan kuma wane ɓarawon aka kama?" in ji mai aski. "Irin waɗanda ake jerawa a talabijin ne."

Shago ya ɗauki dariya. Tela bai yi ba. Shekara talatin yana ɗinki bai taɓa cin ƙyallen kowa ba. Maganar tasa gaskiya ce, amma daga wannan fuska sai ta fito kamar tsegumi.

"Auta, mayar min da fuskata."

"Izinin fa, Baba?"

"Na san da shi." Ya cusa hannu a aljihu. "Ki sa lambar rumfata a ƙasa, kada su sha wahalar nema."

"In fim ɗin ya fita fa ba ya dawowa."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta ja kwamfutar gabanta. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

"Wurin da na ce shugaban hukumar bai taɓa taka kasuwar nan ba, na ga kin yanke. Shi ma ki mayar."