Gorar Irin Hajjo

Shekarar yunwa Hajjo ta ci ƴaƴan anza masu ɗaci har harshenta ya manta daɗin abinci, amma ba ta taɓa gorar irin geron da ta gada wajen uwarta ba. Gero ne mai gajeriyar zangarniya, kwana saba'in ya nuna. Kaf Gangara ita kaɗai ta rage da shi.

Ana gab da shuka sai ga Attahir, malamin gona daga Tanut, da akwatin katuna masu huji-huji a gefe, kowane irin gero da katinsa. In ya ga tsaba sai ya auna ta, ya duba launi, ya zura tsinke cikin huji ya girgiza. Katin da ya faɗo, shi ke faɗin dangin geron da halinsa. Ƙato da wandon kaki, yana aikin masu bugun ƙasa!

Ya juya tsabar Hajjo a tafin hannu, ya girgiza katunansa.

"Inna, wannan dangin maiwa ne, ruwan wata huɗu yake so. In kin shuka shi a nan Damargu, kara za ki girbe."

"Shekara arba'in ina girbinsa, ɗan nan. Katin naka ya taɓa riƙe hauya?"

"Kamarsu ɗaya, Inna."

"Kama da wane ba ta wane!"

Ta faɗi tata, amma maganar malamin ta riga ta shige kan ɗanta Ila. Shi Ila, duk abin da aka rubuta da Faransanci aya ce. Kwana uku shi da uwar suna ja-in-ja kan gorar, yana cewa irin da gwamnati ta raba ya isa, ga ƴaƴa da yunwa.

Ranar kasuwa Hajjo ta fita. Da ta dawo ta tarar da gorar a kife, dusa a bakin turmi, matar Ila na dama fura kanta a ƙasa. Hajjo ta zauna bakin ƙofa cike da haushi.

Da la'asar babur ɗin Attahir ya tsaya.

"Inna, na sake dubawa a biro, can ofishinmu. Ashe naki ba ya cikin akwatin sam, shi ya sa ya faɗa kan na kusa da shi. Ba ni ko cikin hannu guda, in buɗe masa kati, mu yaɗa shi."

Hajjo ta jawo ƙwaryar furar ta miƙa masa.

"Ga shi nan dukansa. Sha, ka rubuta."