Ƙwan Kwaɗo a Kwanon Inna

Yajin aikin malamai ya cinye wa Suwaibatu rabin damina. Ko da ta iso Toranke daga jami'a, gero ya fara fitar da kai, kwaɗi sun kusa daina ƙwai. Ga shi malaminta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: ta riga ta maimaita shekara, in ba ta kammala bincikenta a kan ƙwan kwaɗo bana ba, ta yi sallama da digiri.

Da ƙyar ta samo ƙwan a kududdufin bayan gari, ta zuba shi da ruwansa a kwanon mahaifiyarta, Inna Hanne. Ta kafa madubin ƙara girma da ta aro, ta tsige gashin girarta ta maƙala a tsinke, don da shi ake yanka ƙwan. Inna ta tsaya riƙe da haɓa.

"'Yar nan, duk karatun a kan kwaɗo ya ƙare?"

"Inna, zo ki gani. Ƙwayoyin halittar da ke ƙasan ƙwan su ke aika wa na sama saƙo, su ce ku zama tsoka, ku zama jini. In na raba su, na sama fata kawai za su zama. Kuma lokacin ɗan kaɗan ne, in ya wuce shi ke nan."

Inna ba ta gane ba, amma ta ji daɗi, don rabon da 'yarta ta yi mata doguwar magana har ta manta.

Da hantsi Suwaibatu ta hau babur zuwa Gaya cajin waya, don da ita za ta ɗauki hotunan ƙwan. Inna ta leƙa kwanon ta ga ruwa jawur, duk laka. Haba, wa zai ga abu a cikin wannan? Ta yi abin da take yi wa ruwan randarta tun tana amarya: ta jefa ɗan alam ta motsa. Ruwa ya kwanta garau.

Da Suwaibatu ta dawo, ƙwan ya yi fari fat, ya mutu. Ta yi wa uwarta tsawar da ba ta taɓa yi ba, ta shige ɗaki tana kuka.

Suwaibatu ta kewaye kududdufan Ajingi har Kademi, ba ta samu ƙwan kwaɗo ko ɗaya ba. Ranar da take haɗa kaya, sai ga Inna ta shigo, laka har gwiwa, ƙafa duk kaushi ya tsage, riƙe da ƙwarya da hannu biyu.

"Ga su, na samo miki. Ban sa komai a ruwan ba."

Suwaibatu ta duba. Talibambam ne, 'ya'yan kwaɗin da suka riga suka ƙyanƙyashe, da ido da wutsiya, suna ta iyo. Sun daɗe da wuce lokacin.

"Sun yi, ko?"

Suwaibatu ta dubi ƙafafun uwarta. Ta karɓi ƙwaryar.

"Sun yi, Inna."